Littafin Rasiti

Shekara sha ɗaya ina bakin wannan shago,
hannun riga da Kasuwar Bacci.
Duk shekara mota kan sauke mana sabon yayi:
bana an ƙara wa fitila ido,
an turo tanki gaba kamar ƙirjin zakara,
an bi kujera da jan zare.
Injin kuwa na bara ne, wanka aka yi masa.
Bakina ma na bara ne:
"Wannan ba ya shan mai, sansana shi yake yi."

Ran Talata takarda ta zo daga kamfani,
Turancinta da laushi kamar burodin safe.
Wai wani ƙarfe a birkin gaba,
bai kai ɗan yatsan jariri ba,
yakan tsage in ya sha wuya.
A dawo da su, a canza kyauta.
Na duba lambobin, na ƙirga da yatsa:
arba'in da bakwai suka fita ta hannuna.

Na kaɗe littafin rasiti, na sa kati a waya.
Jatau ya sayar wa ƙanin matarsa,
ƙanin ya karyar a Kawo,
wanda ya saya an ce ya yi Zonkwa da shi.
Lambar Ilu a kashe.
Wata hajiya mai aika kunun aya ofis-ofis
ta ce, "Kyauta? Kamfani?
Malam, nemi wani ka damfara," ta katse.
Kefas ya zo da kansa yana dariya:
tun damina ya canza nasa a Panteka,
dubu huɗu, wa zai mayar masa?

Na ashirin da uku, Tanimu Barau.
Na tuna shi, da kuɗin adashi ya zo,
ƙulle a leda, 'yan ɗari biyar-biyar,
ya shafa tankin sau biyu kafin ya hau.
Yarinya ce ta ɗauka.
"Baba yana gidan mai ɗori a Rigasa.
A gangaren gada ya matsa birki,
hannunsa ya tafi a banza."
Yaushe?
"Sati uku ke nan."

Na sake duba takardar.
Wata biyu da sa mata hannu.
A teburin wa ta yi ta kwana?

Na je da lemo, da sabon ƙarfen a aljihu.
Ƙafarsa ɗaure cikin karare,
ɗakin na warin man shanu da hayaƙi.
Ya ce, "Maigida, har da wahala?
Tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa."
Na juya ƙarfen a aljihu har ya yi ɗumi.
Sannan na fito da shi na ajiye a tabarma,
na ce, "Tsautsayin nan yana da lamba, Tanimu,
ga ta a rasitinka."
Ya daɗe yana kallonsa.
Ya ce, "Ɗan wannan?"

Jiya na baɗi suka iso, tun shekara ba ta ƙare ba,
shuɗi da ruwan toka, har da wurin cajin waya.
Wani saurayi ya zagaya ɗaya yana murmushi,
ya ce in faɗa masa abin da ya fi na bara.
Na buɗe baki, tsohuwar maganar ta taso,
na haɗiye ta.
Na ce, "Rubuta min lambarka, da ta wani naka,
wadda ba a kashewa."

Saura sha tara ban samu ba.