Minti Huɗu

Shekara talatin da bakwai ina gyaran agogo a Kejetiya,
a rumfar da ba ta wuce faɗin tabarma ba,
amma sai da Adiza ta aiko min da buta daga Nima
na san tsawon minti huɗu.

Ta gilashi ce, ana ganin hanjinta.
An rataye mata ɗan kwandon ƙarfe a ciki,
hudojinsa sun fi kafar allura ƙanƙanta.
Na juya ta, na ƙwanƙwasa da farce,
na ce wa yaron motar da ya kawo saƙo:
wannan ba za ta ga azumi a gidan nan ba.
Azumi biyu ke nan.
Kofuna uku na fasa, ita tana nan.

Ba wani aiki a ciki.
Cokali ɗaya na ganye ga kowane baki,
kanumfari biyu in akwai, citta in ƙirji ya yi nauyi.
Ruwa ya tafasa a kurfoti, ka sauke,
ka bar shi ya huce fushinsa kaɗan,
don ruwan da ke zage-zage ƙona ganye yake.
Sai ka zuba, ka rufe,
ka zauna.

Zaman shi ne aikin.

Ganye ya shigo a ƙudundune, baƙi, a bushe,
kamar fasinjan da ya kwana a motar Bawku.
Minti ɗaya, ya miƙe ƙafa.
Minti biyu, ya buɗe tafin hannu.
A na uku ruwan ya ɗauki launin hanyar Aboabo
bayan an ɗauke ruwan la'asar.
A na huɗu ka cire kwandon.
Ka cire, ko ana kiranka a ƙofa.

Isaka mai goro ya leƙo, ya taɓe baki.
Ya ce shayin ragwaye.
Ina kumfa? Ina zagaye uku?
Ina ɗaga hannu sama ruwa ya zubo kamar zare?
Na ce, Isaka, dubi hannun nan.
Da shi nake kama ƙusar da ta fi ƙwayar gero ƙanƙanta,
yanzu rawa yake tun kafin a buga ganga.
Ya yi shiru.
Ya sha biyu, ya tafi bai yaba ba.
Kullum bayan Magariba yana dawowa ya ƙi yabawa.

Ran nan na manta.
Ina sauraron wani tsohon agogon liman da ke tari,
kwandon ya yi rabin awa a ruwa.
Ganye ɗaya, ruwa ɗaya, buta ɗaya,
amma maɗaci ya fi shi sauƙi a harshe.
Sukari uku bai lallashe shi ba.
Na shanye duk da haka, sidina na saka.

Memunatu da farin ƙyalle take tacewa.
Ta kama kusurwa biyu, ɗaya a haƙori,
ta tuttula daga tukunya, tururi na cin yatsunta,
kuma kullum, kullum,
sai ganye ɗaya ya tsere ya faɗo kofina.
In tofar, in yi mita.
Ta ce, Malam, baƙo ne, yi masa maraba.
Shekara talatin muna wannan faɗan.

Yanzu kofina tas yake, har ƙasa.
Kwandon bai taɓa kuskure ba,
Adiza ta yi gaskiya, abin ya zo da sauƙi.

Sai dai wasu daren, in an ɗauke wuta
kuma ruwa na dukan kwanon ɗaki,
nakan ɗauko hantsakin aikina,
in tsamo ganye ɗaya daga kwandon,
in saka a kofi,
in jira ya zo leɓena.