Kunya Goma Sha Huɗu

A bayan Rijiyar Zaki, tsakanin kangaye biyu
da masu su suka kai bulo taga suka gaji,
ina da fili, kuɗin gini ne bai iso ba.
Na ce kafin siminti ya zo, bari gyaɗa ta ɗana.
Kunya bakwai tawa,
bakwai na ara wa Gwaggo Tabawa mai ƙuli.

Tun bazara, rana na dukan ƙeya,
nake ganin ta da tsohon buhun shinkafa a ka.
Sharar turken awakinta ce, ta shekara a juji,
ta yi baƙi, ta daina wari, tana marmashewa a hannu.
Ta watsa, ta turbuɗe, ta kaɗe zane ta tafi.
Na ce, Gwaggo, ko hadari babu.
Ta ce, mai tuya da safe tun dare yake jiƙa wake.

Ni sai da ruwa ya sauka sau biyu
na ɗauko a-kori-kura zuwa gidan kajin Alhaji Barau.
Buhu shida, ɗanye, da ɗuminsa,
warin ya raka ni har shataletale.
Ranar da na binne iri, ranar na zuba,
hannu sake, kamar mai rabon goron ɗaurin aure.

Kunya biyu suka ƙone tun suna ganye huɗu.
Biyar da suka tsira, kai!
Kore shar, har gwiwa,
masu wucewa a babur suna rage gudu.
Tata kuwa gajera, ba ta cika ido,
fure dai take yi, rawaya, ƙanana,
kowanne ya sunkuya ya cusa kai a ƙasa
kamar mai jin nauyin suruki.

Ranar cira na zo da yara uku da buhuna goma.
Na finciko tushen farko, na girgiza.
Kwanso biyar. Na murza ɗaya: iska.
Na murza na biyu: wata 'yar ƙwaya a yamutse
kamar ta yi jinya.
Can gefe Gwaggo na ɗago nata da hannu biyu,
yana kaɗawa, yana ƙara kamar caki.

Ba ta yi dariya ba, da ta yi da ya fi sauƙi.
Ta dubi tulin ganyena ta ce,
Malam Tanimu, harawa dai ka noma ta.
Awakina za su so ta.

Muka yi ciniki a tsaye, babu ko sisi:
dami goma sha ɗaya ya tafi gidanta,
sharar turke ta zama tawa, in kwasa kafin bazara.

Yanzu duk yamma in na bi ta ƙofarta
ina jin su suna tauna kuskurena a hankali,
suna mayar mini da shi ƙwaya-ƙwaya.