Jimina Mai Takalmin Roba

Na sauka daga aikin dare da ƙafafu kamar na aro.
Bas ta ajiye ni a gindin tudu, Sheffield na yayyafi,
irin ruwan nan da ba ya zuba ya huta,
ba ya kuma bari a yi shanya.
Tun daga matakala nake jiyo ta:
ganga sau uku, sarewa, sai muryoyin yara,
jimina mai takalmin roba ta fito yawon safe.

Jazuli na kan kafet, kofin madara a tsakanin cinyoyi.
Shekara huɗu da wata biyu,
bai taɓa ce mini Umma ba.
Likita ta ba mu takarda, takarda ta haifi takarda,
aka sa mu a layin da ya fi na famfo tsawo.
Kakarsa ta kira daga Gusau,
a shafa masa zuma a harshe.
Mun shafa. Ya lashe, ya dube mu.

Amma jiminar nan in ta buga ƙafa
kafaɗarsa kan amsa mata,
leɓensa ya motsa, ba sauti,
kamar kifi a kwalba.
Na ƙi jinin waƙar, ba zan ɓoye ba.
Ta bi ni banɗaki, ta bi ni kanti,
ranar Laraba sai da na sake raka'a
don ta kutso mini a tahiya.

Mu ma mun yi tamu.
Tagar Alhaji Ɗan'iya mai talabijin, ƙarfe huɗu na yamma,
mu goma sha, wani kan wuyan wani,
muna rera Turancin da Bature bai san shi ba,
wandala-wandala-go!
In an ɗauke wuta mu yi ihu,
sannan mu ƙarasa waƙar da kanmu
muna kiɗa a gwangwanin madara.
Har yau ban san me take cewa ba,
amma tashe ni tsakar dare, zan kawo ta har ƙarshe.

A gidan tsofaffin da nake aiki akwai Doreen, ɗaki na tara.
'Yarta kan zo Lahadi da furanni,
ta tambaye ta, ke 'yar waye?
Cokali take kira makulli.
Jiya ƙarfe uku ina canza mata zanen gado
sai ta ɗauko wata waƙar katun
da ta kalla da 'ya'yanta tun hoto na baƙi da fari,
baiti huɗu, ko kalma ba ta zube ba,
har da inda kare ke yin haushi.
Ta yi haushin, muka yi dariya,
ta riƙe hannuna ta ce in gaida yara.

To yau da safe,
ban ko cire rigar aiki ba,
jimina ta ɗaga ƙafa za ta tsallake kududdufi,
ɗif.
Kuɗin mita ya ƙare.
Firji ya yi shiru, allon ya yi baƙi,
na ga fuskata a ciki, da jaka a kafaɗa.
Na ce yanzu za a yi kuka.

Sai wata murya, siririya, mai tsatsa,
kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba,
ta ɗora daga daidai inda aka yanke.
Kalma biyar. Ta ƙarshe ma a karkace.
Ya buga kafet sau uku, inda ganga take shiga.

Babansa ya fito da buroshi a baki,
kumfa na ɗiga a singileti.
Ba wanda ya motsa.
Shagon da ake sa kuɗin wuta yana nan ƙasan layi,
minti biyu ne,
makullin mita na hannuna.
Na zauna a ƙasa da rigar ruwa a jikina,
na ɗauki baiti na biyu,
wanda na rantse ban iya ba.