Karatun Sanyi a Dutsen Lauz

Da aka ce mini Tabuka,
rairayi na zata, da rana mai gasa ƙwaƙwalwa.
Na ɗaure riga biyu, takalmin roba, butar alwala.
Ba wanda ya faɗa wa Cindo ɗan Tsibiri
akwai dutsen da sama ke tankaɗe gari a kansa
har tumaki su ɓace cikin fari.

Daren farko na tsaya baki sake.
Dusar ƙanƙara na sauka ba tsawa, ba sallama,
kamar audugar rimi ranar da iska ta gaji.
Na dumbuza, na kai baki.
Tsoho Suwailim ya bugi hannuna da sandar kiwo:
“Ƙishirwa za ta tafi, ta tafi da ɗumin cikinka.
Narkar da ita a kan wuta tukuna.”

Larabcinsa na dutse ne,
nawa iyakarsa salla da ciniki,
sai muka koma karatu da hannu.

Ya koya mini gumi maƙiyi ne.
In za ka hau, cire rigar sama,
in ka tsaya, mayar da ita tun jiki bai tambaya ba.
Ya ce ƙasa ɓarauniya ce,
kada ka ba ta bayanka sai ka shimfiɗa tazargade,
ko buhun sha'ir, ko sirdin raƙumi.
Ashana a ƙirji take kwana, cikin leda,
tare da busasshen kashin raƙumi,
abin da a gida ko kallo bai ishe ni ba.
Da safe ya rambaɗa mini kwalli
kamar mai shirin zuwa zance. Na yi dariya.
Da azahar, da farin ya fara sukar ido, na daina.

Ran Talata tunkiya mai ciki ba ta dawo ba.
Muka bi sawu har sawu ya cike.
Tarin duwatsun da muka jera alama
duk suka sa farar hula, suka zama ɗaya.
A kwazazzabo ƙafar tsoho ta burma,
ruwa na gudu a ƙasa ashe, shiru-shiru.

Na ja shi bayan dutse, inda iska ba ta da iko.
Na zare safarsa, yatsun sun yi fat kamar rogo.
Zuciya ta ce, kanga su a wuta, murza su.
Na tuna sandar nan.
Na ɗaga rigata, na manna tafin ƙafarsa a cikina.
Wayyo! Kamar an ɗora mini gatari da asuba.

Can ya ce, “Ɗumi nake ji. Bar ni na ɗan runtsa.”
Shi da bakinsa ya ce mini
wannan barcin ba shi da safiya.
Na tura masa dabino, na ce, “Maimaita:
ce wuta.” Ya ce wuta.
“Ce gida. Ce rijiya. Ce gero ya nuna.”
Ya zage ni da Larabci, na ji daɗi,
mai zagi bai mutu ba.
Na lissafa masa ƙauyukanmu har bakin gulbi,
da sunan kowane jakin babana,
da bashin da ya kawo ni nan, kwabo kan kwabo.

Asuba ta zo shuɗiya.
Tunkiyar na tsaye a gindin dutse, ɗanta na hayaƙi,
ta rigaye mu sanin inda ake fakewa.

Ran Juma'a na sauka inda waya ke kamawa.
Inna ta ce, “Ana ruwa can?”
Na dubi tsaunin, na dubi farcena da ya yi baƙi.
Na ce, “Ana yi, Inna,
sai dai nasu sai an dafa shi yake zama ruwa.”