Littafin Ruwa

A shekarar da yaƙi ya ƙare
ni ke auna ruwan sama a Darazo.
Gwangwani ne bisa turke a bayan ofis,
kullum safe in tsoma sanda, in rubuta wa gwamnati.

Ranar da waya ta iso, an kwana ana tsuga shi.
Masinja ya shigo jagab, keke a kafaɗa:
wai an sa hannu can bayan teku,
wai bam ɗaya ya haɗiye birni.
Di'o ya ce a buga kuge, a yi murna.
Aka buga. Kwaɗi sun fi mu murya.

Gishiri bai sauko ba.
Haraji bai ji labari ba.

Inna Gaji ta tare ni a bakin rafi:
"Kai mai rubutu,
Jalo na Bama, Barau na ramin kuza,
wanne aka rubuta zai dawo?"

Na buɗe littafi don kunya.
Babu sunan kowa a ciki.
Laraba, inci biyu da rabi.

Gero ya yi albarka a shekarar.
Ita da jikarta suka yanke shi.