Tarin da ke Ƙarshen Faifai

A bayan tashar jirgi, a Ƙauran Namoda,
inda dogo ya ƙare, ciyawa ta ci gaba,
nan rumfar Baba Hantsi take, mai gyaran rediyo.
Rediyo sun daina zuwa. Shi bai daina ba.

Na kwance ɗankwali, na fito da faifai biyu.
Na ce: Baba, duk na Tsalha Mai Gurmi ne,
waƙa ɗaya, murya ɗaya.
Wannan daga adakar Inna,
wancan a Gusau na saye shi, wurin mai gwanjo.
Ya ce: "Ɗiyata, ko tagwaye akwai wanda ar riga."

Ya aza su a tafin hannu kamar mai awon gishiri.
"Ji nauyin wanga.
Sa'annan kamfani bai koyi rowa ba.
Wancan kau, kaɗa shi ki gani,
ya fi kusa da faifan rufe ƙwarya."

Ya nuna mini takardar cibiya:
ta Inna ja ce, jan bakin mai cin goro,
ta Gusau ruwan ɗorawa.
Sai ya karkata shi wajen rana,
can inda layukan waƙa suka ƙare,
akwai ɗan fili mai sulɓi,
kamar masussuka bayan an kwashe gero.
Na ga lamba, an zana ta da tsinin ƙarfe,
bakwai mai sanda a ƙugu,
hannun wani da ya gaji, yana son tashi aiki.
A ɗayan kuwa inji ne ya buga,
tsaf, babu rawar hannu.

Muka koma kan kwali.
A na farin, sun ci wa mawaƙin harafi,
sun rubuta Salha.
A na biyun sun mayar masa da abinsa,
sun ja baƙin layi sun kewaye hoton,
sun matso da fuskarsa ta cika wuri.

"Duba gefen hagu na tsohon," in ji Baba.
Na duba.
Kafaɗa. Rabin kunne. Karin hula.
Yatsu huɗu a kan tsarkiyar kalangu.
A sabon babu komai, sai layin nan.
Sun gyara suna, sun yanke mutum.

Ban taɓa ganin hoton ubana ba.
Inna ta ce guda ne, ruwan rufi ya cinye shi
shekarar da na yi haƙori.

Baba ya jona batirin mota,
ya hure allura, ya sauke ta a hankali
kamar mai kwantar da jinjiri.
Gurmi ya yi kuka, 'yan amshi suka karɓa,
kalangu na biye, bai wuce gaba ba, bai makara ba.
Waƙa ta ƙare. Na miƙa hannu.
Ya ce: "Dakata."

Shuuu, kamar yayyafi a kan kwano.
Sai tari. Sau biyu, na biyun gajere.
Sai wata murya nesa da na'ura:
"A gafarce ni."

Inna ta sha faɗa mini tarin nan,
na ƙurar injin auduga,
wanda ke tashe ta kafin ladan.

Muka sa na Gusau. Ya ƙare tas.
Wani mai tsafta ya share ƙarshen.

Baba ya ce akwai mutumin Ikko,
yana zuwa sau biyu a shekara da gilashin ƙara gani,
jar cibiya da kuskuren suna yake nema,
zai ba da kuɗin ɗan maraƙi.
Na ce a ba shi ruwan ɗorawa, in yana so.

Ina ɗaure ɗankwali ya ce:
"Kak ki yawaita sa shi.
Duk ji guda, allura na cin kaɗan."

Tun daga Ƙaura har gida, a bayan a-kori-kura,
faifai a ƙirji, rana na neman narka mu,
lissafi nake yi:
in sau ɗaya ne a shekara,
ya ishe ni, ya ishi Lantana,
wataƙila har ɗanta ya ji kakanmu
yana neman gafara.