Akwatin Ƙanƙara

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaure shi a bayan babur,
Shuɗin akwati, murfinsa da tsaguwa,
Daga Garwa zuwa Fitowa, daga Lagdo mu juyo,
Cikinsa 'yan kwalabe na gwara kai,
Kowace da jinin mutum, kowace da lambarta.

Ni Sali, a aji huɗu na tsaya.
Ita Dakta Hajjo, 'yar Bakari mai gyaɗa,
Ta ƙetare teku ta dawo da tambaya guda:
Me ke cin magidantanmu ta hanta?

A kan ubanta ta fara gani.
Ido ya rine kamar an ɗiga gangamau,
Ciki ya tashi kamar tulu, wuya ya zama kara.
Aka ce sammu, aka sha saiwa,
Kafin kaka ya tafi,
Ya bar mata buhu bakwai da maraicinta.

Wata Lahadi a kasuwar Fitowa
Aka tare mu da hoge da duwatsu,
Wai jinin talaka take sayar wa Turawa.
Hantar cikina ta kaɗa, na tada babur.
Ta ce, kashe.
Ta zauna a tabarmar mai barkono,
Ta naɗe hannun riga, ta soka allura a jijiyarta.

Wani mahauci ne ya fara miƙo hannu,
Yana cewa, in mutuwa ce, tare za mu.
Kafin la'asar kwalba sittin,
Ƙanƙara na narkewa, ina gudu da ita.

Daren da wuta ta ɗauke a ɗakin gwaji
Muka sauka bakin Binuwai wajen masu kifi,
Ta sayi ƙanƙararsu da kuɗin cefanenta.
Sati guda akwatin na ƙarnin ragon ruwa,
Amma ko kwalba ɗaya ba ta yarda ta lalata.

Abin da ta gano, da bakinta ta faɗa mini:
Ɓarayi biyu ne, Sali.
Ɗaya ƙwayar shawara, tun a zanin goyo take shiga,
Ɗaya funfunar gyaɗa da ta kwana a danshi.
In sun haɗu a gida ɗaya
Daji suke shukawa,
Ba ka jin motsinsa sai ya gama da hanta.

Ta yi damina uku tana rubutu,
Aka dawo mata da shi sau biyu da jan biro.
A na uku ya fito a mujallar likitoci.
Yanzu wai a ƙasashen da ban iya faɗar sunansu ba
Ɗalibai na buɗe shafin su karanta,
Sau ɗari huɗu da wani abu an ambata.
Na ce, Dakta, sai a yanka rago.
Ta ce, duba tayar baya, gobe Gidar za mu fita.

Kwalba ta dubu biyu da tara tawa ce.
Ba ta aiko kowa ba, ita ta zo zaure,
Ta ƙi shan shayin sai da ta faɗa.
Ƙwaya ɗaya kullum bayan asuba,
Yau shekara shida ban manta.
Ranar da aka haifi Dudu, kafin a yanke mata suna,
An riga an yi mata allurar a cinyarta.

Jiya na bi ta Fitowa ni kaɗai.
Mata sun ɗaga gyaɗa a kan rumfa, ba a ƙasa ba,
Wata yarinya na tsince baƙaƙen tana zubarwa.
Na ce, wa ya koya miki?
Ta ɗaga kafaɗa, ta ce haka ake yi.
Na gyara igiyar akwatin na wuce,
Ban gaya mata sunanta ba,
Don na san Dakta, da dariya za ta yi ta.